Ni Na Sa Aka Zaunar da Ƙanena a Benci, Yanzu Ni Ke Son Ya Tashi

Anti Verna,

Don Allah ki taimake ni kafin Asabar ta sama. Kaina ya ɗau zafi, kuma duk garin nan babu wanda zan faɗa wa wannan magana ba ta kai shagon aski kafin yamma ba. Kakata ce take yanko filinki daga jarida tana liƙawa a jikin firij, ta nan na san ki. Sunayen da za ki gani duk na canza su.

Ni ne kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza a wata ƙaramar kwaleji, irin wadda in an ambace ta a talabijin sai mutane su tambayi a wace jiha take. Wannan ce shekarata ta ƙarshe. Ba na yaudarar kaina, babu wata ƙungiyar ƙwararru da ke jirana. Ranar da aka busa usur ɗin ƙarshe na kakar wasan nan na gama da ƙwallo, sai neman aikin koyarwa. Shekara goma sha tara rabon makarantarmu da zuwa gasar ƙasa ta watan Maris, bana kuwa muka faro da zafinmu, wasa goma sha ɗaya a jere ba a ci mu ba. Tsofaffin da suka daina zuwa kallo suka kakkaɓe rigunansu suka dawo. Har fasto ya sa mu a addu'a ranar Lahadi, da sunayenmu ɗaya bayan ɗaya.

Sai Janairu ta zo ta watsa mu. Boone, dogonmu na ƙarƙashin kwando, gwiwarsa ta tafi. Wani ya faɗi jarrabawa aka dakatar da shi. Wani kuma, ki ji abin haushi, santsin ƙanƙara ya kwashe shi a ƙofar ɗakin cin abinci ya karya wuyan hannu. Yanzu mu bakwai muka rage, biyar a fili, biyu a benci. Cikin minti arba'in na wasa ina yin talatin da takwas. A wasanni bakwai na baya an ci mu biyar, kuma duka a mintunan ƙarshe, lokacin da ƙafafu suka mutu. Wasa uku suka rage, sai gasar rukuninmu, wadda zakaranta kaɗai ke wucewa gasar ƙasa.

To ga inda matsalar take. Ina da ƙane a ƙungiyar, bari in kira shi Deshun. Shekara uku na ba shi, saboda haka ba mu taɓa buga wasan gaske tare ba. Ina ajin ƙarshe a sakandare yana ajin farko, a ƙungiyar ƙanana. Bana ce shekararsa ta farko a nan, kuma yana cikin jar riga. Na san kin san dokar, amma bari in faɗa saboda kakata: kakar wasa huɗu kawai ake yarda ɗan kwaleji ya buga. Wanda aka sa wa jar riga yana atisaye da mu, yana karatu, amma ba ya taka fili a wasa, sai a ajiye masa huɗunsa cif. In kuwa ya shiga, ko da na daƙiƙa goma ne, shekarar ta ƙone gaba ɗaya. Deshun injiniya yake karantawa, kwas ɗin da ke cin shekara biyar, kuma wannan zaman ne zai sa tallafin karatunsa ya kai shi har ƙarshe.

Yaron ya iya ƙwallo, Anti. Ya fi ni, kuma wannan ne karo na farko da na faɗa. Kowane mako shi ake sawa ya kwaikwayi gwanin ƙungiyar da za mu kara da ita, sau da yawa kuma ya fi na ainihin ba mu wahala. Ranar wasa sai ya zauna can ƙarshen benci da taguwa da nakatayal, yana kaɗa tawul. In na jefa ta shiga, shi ne farkon mai tsalle.

Makon jiya aka ci mu da maki biyu a gida. Na shiga ɗakin sauya kaya ina huci, na yi jifa da takalmi, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Wasu na mutuwa a fili, wasu na zaune da lafiyayyun ƙafafu suna kaɗa tawul." Boone ya fara dariya, da ya ga ba wasa nake ba sai ya haɗiye ta. Deshun ya ninke tawul ɗin ya ajiye ya fita.

Washegari ya same ni wajen karin kumallo, ya dire farantinsa, ya tsame soyayyen dankali daga nawa kamar yadda ya saba tun yana ƙarami. Ya ce, "Yaya, ba sai ka yi mini habaici a gaban mutane ba. In ka ce in shiga, zan shiga. Kai dai ka faɗa." Na ce masa ina da aji, alhali ba ni da shi.

Koci Whitlock ma ni ya ɗora wa. Ya kira ni ofis ya ce, "Ni in na tambaye shi, zai ce bari ya yi tunani. Kai in ka tambaye shi, ɗaura takalmi zai yi." Yana son amsa kafin Asabar ta sama. Mama kuwa da labarin tawul ya kai mata, ban san ta bakin wa ba, ta bugo waya ta kira ni da cikakken sunana har da na tsakiya. Ta ce, "Shekarar nan ba taka ba ce balle ka yi kyauta da ita. Kuma kada ka kuskura ka sa ni zaɓe a tsakaninku, duka biyun ni na yi naƙudarku."

Duk wannan da sauƙi. Ga abin da babu wanda ya sani sai ni da Koci. A watan Oktoba, kafin a fara kaka, Koci ya tambaye ni ra'ayina a kan Deshun. Ya ce ni na san shi fiye da kowa, ya isa shiga bana ko a bar shi ya ƙara nama a jiki? Na ce, "Koci, bai ƙosa ba tukuna, a bar shi." Akwai gaskiya a ciki, lokacin siriri ne kamar sandar tsintsiya. Amma wuri ɗaya muke bugawa ni da shi, kuma na san in ya shiga, kafin Kirsimeti ni ne zan koma benci a shekarata ta ƙarshe, ƙanena na wasa a gaban Mama. Wannan ne ya fi nauyi a zuciyata ranar, kuma na sani tun ina faɗa. Da aka sanar da shi ya zo ɗakina idanunsa jajur, ni ne ma na rarrashe shi, na ce Koci ya san abin da yake yi.

Ni na zaunar da shi don kaina, yanzu kuma ina son in tashe shi don kaina. Kwana biyar ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga aji sai in fito, in na je jifa ni kaɗai sai in yi ta zubarwa, wasiƙar nan ma sau uku ina gogewa. Ina jin kunya, kuma duk da kunyar ina son Maris ɗin nan kamar raina. Ba ni kaɗai ba ne, akwai mutum shida da suka zuba jikinsu tun bazara. Sannan ina son ko sau ɗaya in miƙa wa ƙanena ƙwallo a wasan gaske, ana kiran sunan gidanmu sau biyu a lasifika.

In ce masa ya shiga? In yi shiru? Maganar Oktoba kuma in binne ta, ko in tona in rasa shi?

Kyaftin Mai Ƙafa Biyu a Wuta

*

Ɗana Kyaftin,

Zauna tukuna, ka sha ruwa. Wanda bai damu da ƙanensa ba ba zai goge wasiƙa sau uku ba, saboda haka ba zan ɓata lokaci wajen yi maka faɗa ba, ka riga ka yi wa kanka.

Son da kake wa Maris ba laifi ba ne. Shekara huɗu kana tashi da asuba kana gudu, an kawo ka bakin ƙofa, dole ka so shiga. Abokanka shida ma suna da haƙƙi, kuma ba a taɓa cewa duk wanda ya ƙona jar rigarsa ya yi asara ba. Akwai waɗanda suka yi suka ji daɗi har tsufa. Sai dai ka dubi cinikin da idon basira. Ana neman Deshun ya ba da shekara guda cur, ta wasa da ta karatu, a kan wasa uku da gasar da za a iya fitar da ku tun ranar farko. In abin ya yi kyau, duk gari zai ci riba. In ya lalace, shi kaɗai zai biya, lokacin kai ka daɗe da tafiya.

Don haka amsata ta farko: kada ka ce masa ya shiga, kada kuma ka ce masa ya zauna. Kocinku ya faɗi gaskiya ba tare da ya lura ba. Yaron ba ya iya ce maka a'a, roƙonka a wurinsa umarni ne. Ka koma ofis ka gaya wa Koci cikin ladabi cewa wannan aikinsa ne, shi ya zauna da Deshun da mahaifiyarku da mai kula da karatun 'yan wasa, a faɗa wa yaron dalla-dalla abin da zai rasa, a kuma rubuta masa ko makaranta za ta ɗauki shekararsa ta biyar in ya shiga. Wannan amsar kaɗai tana iya sauya lissafin duka.

Na biyu, a gaban mutane ka ci masa fuska, a gabansu za ka wanke. Gobe kafin atisaye, a ɗakin nan dai, ka ce ka yi kuskure, kuma duk wanda ya matsa wa Deshun da kai zai yi. Jimla biyu sun isa, ba a neman lacca.

Na uku shi ne mai ɗaci. Ka faɗa masa maganar Oktoba, kuma kafin ya yanke shawara, ba bayan nan ba. Yanzu haka yana auna shekararsa da wani wa da yake ganin bai taɓa cutarsa ba. In ya ba da ita a kan haka, daga baya ya ji, kuma irin wannan magana takan fito, ba zai yafe cikin sauƙi ba. Ka faɗa yadda ka rubuto mini, ba ragi. Kada ka fake da cewa siriri ne. Zai yi fushi, mai yiwuwa ya yi makonni bai kula ka ba, mai yiwuwa hakan ya sa ya ƙi shiga. Ka ɗauka, kai ka saya.

Na lura da abu ɗaya a wasiƙarka. Na ji abin da Koci yake so, da na Mama, da naka, da na fasto ma, amma ban ji wanda ya tambayi Deshun ba. Wataƙila shi ma ƙafafunsa na ƙaiƙayi tun Nuwamba. Wataƙila kuma digirin ne a ransa yana jin nauyin faɗa. Bayan ka gama ba shi haƙuri, ka tambaye shi, sannan ka rufe bakinka ka saurara.

Ba zan yi maka alkawarin za ku je Maris ba. Da shi ko babu shi, kakar nan saura makonni ta ƙare, a karɓi rigarka a ba wani. Zama wan Deshun kuwa babu ranar da za ka ajiye shi, kuma yadda ka yi a makon nan ne zai nuna ko nan da shekara talatin in ya shiga uku lambarka zai fara kira.

Allah ya ba ƙafafunka ƙarfi, ya ba bakinka gaskiya, ya kuma bar ku tare. Ka gaishe mini da kakarka.

Anti Verna