Biran da ke Fasa Ƙwara da Dutse

Dajin Tai, Kodibuwar, Maris 1985

Zuwa ga Yaya Balki a Azarori,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba? Ina su Sauda? Ni lahiya nike, in ban da gyambon ƙafa da ruwan dajin nan ya hana warkewa. Kada Baba ya ji.

Aikina ɗaukar kayan wata Baturiya mai binciken birai, manya baƙaƙe marasa wutsiya. Wuni mukai muna bin su har ƙarfina ya ƙare. Yaya, da idona na ga uwa ta aza ƙwara bisa saiwa ta fasa da dutse, ɗiyarta na zaune tana kallon hannunta. Madam, wato Baturiyar, ta ce ƙaramar takan yi shekaru haka kafin ta iya, kuma biran ƙetaren wani babban gulbi da ke nan ba su san yi ba, don ba wanda ya gwada musu.

Na ce, "In uwar ta mutu fa?"

Ta ce, "Wani lokaci iyawar kan bi ta."

Tun ranar ban samu sukuni ba. Saƙonki ya ce hannun Baba ya fara rawa, ni kuwa zuga wuta kaɗai na koya a maƙerarsa kafin fari ya kore ni. Ki roƙe shi kada ya ba da uwar maƙera, ƙarfen nan da yake ƙira bisa kanta. In Allah ya yarda ina tahe kafin shuka. Ki ce masa wannan karon zama zan yi.

Allah ya bar mana ku.

Ƙanenki,
Rabo