Ƙyalle Ɗaya Bai Cika Ba

Zuwa ga Gwaggona,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan mai rigima. Tunda kin ce waya ba ta yi miki komai sai ƙugi a kunne, ga ni na koma biro da takarda kamar 'yar firamare.

Albishirinki. Kin tuna asibitinmu ya tura mu, mu shida ƙananan likitocin tiyata, horon shugabanci na wata uku. Da muka dawo, Babban Likita ya damƙa mini ɗakin tiyata na biyu duk Talata da Alhamis. Na tarar mutum huɗu ake yi wa aiki a rana, yanzu shida muke yi, wataran bakwai. Masu kwana a benci suna jiran layi sun ragu. A cikinmu shida mutum ɗaya zai ɗauka mataimaki a ƙarshen shekara, kuma na ji ƙishin-ƙishin sunana ne a sama.

Amma ba da sauƙi ba, Gwaggo. Mai allurar barci ya ba ni shekara ashirin, a gaban marasa lafiya ma "'yata" yake ce mini. In na yi magana a hankali sai a ɗauka shawara nake nema. A horon an ce mana shugaba ba ya inda-inda, ya yanke magana a wuce wurin. Don haka na koyi ɗaure fuska, kuma wallahi tana aiki.

Wadda ke ba ni ciwon kai ita ce ƙaramar nas mai miƙo mini kayan aiki. Agogo suke ce mata, don ba ta taɓa makara ba. Hannunta na da kyau, sai dai in ta fara ƙirga ƙyallayen tsane jini, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ranar Alhamis sai da na ɗaga mata murya kafin muka gama. Ke da kika yi shekara talatin a wannan aikin, ki gaya mini yadda ake sa irinsu sauri.

Ki gaida mutanen gida. Na aiko miki da man shafawar da kika ce.

Taki,
Auta

*

'Yata Auta,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan, ni da ita mun saba. Man ya iso, Allah ya yi albarka.

Na yi murna, har na sa maƙwabciyata ta sake karanta mini wasiƙar da ƙarfi don ita ma ta ji haushi. Yarinyar da ke gudun ganin an yanka kaza, yau ita ce mai ɗaki guda da wuƙa a hannu. Allah ya ƙara ɗaukaka.

To amma wuri ɗaya ya tsaya mini. Kin gaya mini kin ɗaga wa yarinya murya, ba ki gaya mini abin da ta ce kafin ki ɗaga ba. Na san ki tun kina zanin goyo. In kin yi abin kirki sai kin ba da labarinsa da gishiri, in kuwa da lauje cikin naɗi sai ki bi ta kai da gudu.

Kin tambaye ni yadda ake sa mai ƙirga sauri. Ba a sa ta. Duk ƙyallen da ya shiga cikin mutum ita ta ƙirga shi, kuma kafin a rufe ciki sai ta ga ya fito. Shi ne kaɗai lokacin da maganarta ta fi ta likita a ɗakin nan. Tsohon likitan da na fara aiki da shi, Allah ya jiƙansa, masifaffe ne na ƙin ƙarawa, har almakashi ya taɓa jifa da shi. Amma ranar da na fara, ya tara kowa ya nuna ni ya ce, "In ƙirgarta ba ta cika ba, kada ta ba ni allurar ɗinki, ko da zan zagi iyayenta." Sau uku na hana shi allura a shekara goma sha ɗaya. Sau biyu a ƙasa muka tsinci ƙyallen, sau ɗaya a bayan hanji. Bai taɓa gode mini ba, bai kuma taɓa janye maganarsa ba.

Ban je horo ba, iyakar abin da na sani ke nan. Ki rubuto mini abin da yarinyar ta ce.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ki yafe mini shirun mako uku. Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina yayyagawa.

Ga abin da ta ce. Matar da muka yi wa aiki ranar, tela ce mai 'ya'ya huɗu, mun cire mata ƙari a ciki. Ita ce ta biyar, da sauran biyu a waje sun wuni ba ci ba sha. Na zo rufewa, Agogo ta ce, "Likita, ƙyalle ɗaya bai cika ba." Na sa hannu na laluba, ban ji komai ba. Na ce ta duba bokiti. Ta duba ta ce babu. Mai allurar barci ya kalli agogon bango ya yi ɗan tari, irin tarin nan da na san ma'anarsa. Sai na ji idon kowa a kaina. Na ce mata ni na duba cikin da hannuna, ƙirgarta ce ta rikice tun farko, in ba za ta iya aiki ba ta matsa a kawo wata. Ta miƙo mini allura. Da muka gama ta rubuta a takardar ƙirge cewa kaya sun cika, ta sa hannu.

Bayan kwana goma sha shida matar ta dawo da zazzaɓi, ciki ya kumbura. Babban Likita da kansa ya buɗe ta. Ƙyallen yana ciki, ya ruɓar da wani yanki na hanji, sai da aka yanke. Tana raye, amma ta sha wuya, kuma za ta daɗe ba ta taka keken ɗinki ba.

An kafa kwamiti. Abin da ke gabansu takarda ce, kuma hannun Agogo ne a kai. An dakatar da ita, ana maganar ƙwace mata lasisi. Babban Likita ya kira ni ofis ya ce likita da abin da nas ta gaya masa yake aiki, takarda ta wanke ni, kada in tsoma baki in ɓata tafiyata. Bai san abin da aka yi ba, bai kuma tambaya ba. Mutum biyar ne a ɗakin ranar, ba wanda ya ce uffan.

Gwaggo, tsoro nake ji. Shekara goma sha huɗu ina wannan karatu. In na yi magana, mataimakin ya tafi, wataƙila har da wuƙar. Kuma ai ita ma ta yi laifi, wa ya ce ta rubuta ƙarya? Ina tunanin in an gama in nema mata aiki a wani asibitin kuɗi, na san masu shi. Ki ba ni shawara, kada ki yi mini faɗa, na ishi kaina.

Taki,
Auta

*

Auta,

Na amsa. Lafiya lau muke, sai abin da wasiƙarki ta saukar mini.

Kin ce kada in yi faɗa. To ba ki aiko wa wadda ta dace ba.

Laifi tudu ne, kin taka naki kina hango na yarinya. E, ta rubuta ƙarya, za ta amsa nata. Amma wa ya sa mata biron a hannu? Ta faɗi gaskiya sau biyu a gaban mutum biyar, shugabar ɗaki ta ce mata maƙaryaciya. Me kike so ta rubuta bayan nan, takardar korar kanta? Ni na iya hana allura ne don mai ɗakin ya tsaya mini tun kafin ranar ta zo. Ita wa ya tsaya mata?

Waɗannan mutum biyar da suka yi shiru, ba don suna ƙaunarki ba ne. Kallonki suke yi su ga abin da ake yi a ɗakinki in rana ta ɓaci. In kika bari aka yanka yarinyar nan, kin gama koya musu. Daga yau ko kan mutum suka ga za ki bari a ciki, ba mai buɗe baki, kuma da wannan ɗakin za ki yi aiki har ki tsufa.

Maganar nema mata aiki kuwa, kada ki sake faɗa wa kowa, kunya ta kama ni a madadinki. Nas marar lasisi shara za ta yi musu?

Ban ce ba za ki yi asara ba. Za ki yi, kuma zai yi ciwo, ni ma zai yi mini, don na riga na cika wa unguwa baki da ke. Ubanki da yana raye da kuka zai yi, sannan ya raka ki har ƙofar kwamitin. Ni gwiwa ba za ta bar ni ba. Ki je tun ba a zauna ba.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya.

Gwaggonki

*

Gwaggona,

Ina gaisuwa da ban haƙuri. Wasiƙarki ta same ni kwana biyu kafin zaman, don haka ba ni da uzurin cewa ta makara.

Na shiga da niyyar magana. Ɗakin taro ne mai dogon tebur, su bakwai a gefe ɗaya, Agogo ita kaɗai a ɗayan gefen, da kayan gida, ta rungume jaka a cinya. Aka tambaye ta ko hannunta ne a takardar, ta ce nata ne. Aka ce ko tana da abin faɗa. Ta ɗago ta kalle ni, ba da harara ba, kallon mai jiran a miƙo mata abu. Na sunkuyar da kai ina juya biro. Ta ce ba ta da abin faɗa. Da aka zo kaina, aka tambaye ni ko na laluba cikin kafin in rufe, na ce na laluba. Gaskiya ce, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai ta muni ba.

Kwana huɗu na yi ina shiga tiyata bayan nan. Sabuwar nas da aka ba ni, kafin in tambaya take cewa kaya sun cika, ko kallon bokitin ba ta gama yi ba. A rana ta huɗu na tsaya da allura a hannu na kasa ɗinki, sai da na sa aka sake ƙirgawa sau uku. Da na fito na zauna na rubuta komai, kalma da kalma yadda na faɗa mata, na kai wa shugaban kwamiti da hannuna. Daga nan na wuce gadon telar na gaya mata, mijinta na tsaye. Bai zage ni ba. Cewa ya yi in fita.

Jiya aka yanke hukunci. An janye maganar lasisinta, gargaɗi kawai aka rubuta mata. Ni an karɓe ɗakin, wata shida ba zan yi aiki ba sai da babba a kaina, mataimaki kuma an ba wani. Babban Likita ko gaisuwata ba ya amsawa sosai. Mai allurar barci ya tare ni a baranda ya ce shi ma ya ji abin da yarinyar ta faɗa ranar. Na ce to me ya hana shi magana? Ya ce ai ni ce shugaba.

Na rubuta wa Agogo na nemi gafara, na roƙe ta ta dawo ɗakin tiyata, ko ba tare da ni ba. Ga amsarta na haɗo miki, don ban san yadda zan yi da ita ba.

Taki,
Auta

*

Likita,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya. Na ga wasiƙarki, na kuma ji abin da kika yi. Na gode. Mahaifiyata ta ce in gaya miki ta gode, don da aikin nan muke ci.

Na yafe miki. Ni ma na je na nemi gafarar matar, tunda ni na san ƙyallen bai fito ba, na kuma rubuta ya fito.

Maganar dawowa ce ba zan iya ba. Na nemi a mai da ni ɗakin ba da kati, an amince, ranar Litinin zan fara. Ba fushi ba ne. Tun ranar da kika ce ƙirgata ta rikice, in na ƙirga abu sai in ji ban yarda ba. Cokula shida na gida sai in ƙirga su sau huɗu. Mai irin wannan bai kamata ta tsaya kan cikin mutum a buɗe ba.

Tiyata nake so tun ina makaranta, kuma na iya. Ranar nan ma daidai na ƙirga.

Ki huta lafiya.

Nas ɗinki ta dā