Takabar Yakaka a Gonar Tattasai

Diffa, Laraba

Yaya Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna?

Jiya ƙanwarki ta yi abin a yaba. Ƙungiyarmu ta mata ta kira taro kan haƙƙin macen da mijinta ya rasu. Malamai sun zo, manoman bakin kogin Komadugu ma sun zo. Wani dattijo ya miƙe ya ce mai takaba ba ta taka ko ƙofar gida. Yaya, kin dai san ni. Na karɓi mikiro na kawo hujja cewa shari'a ta yarda ta fita da rana neman abin da za ta ci, har malamai suna gyaɗa kai. Sai na buga misali da Yakaka, ƙawata 'yar gudun hijira da ke zaune a Assaga. An kashe mijinta Fannami a tsallaken ruwa, tana cikin takaba, amma kullum tana tsinkar tattasai a gonar wani Abatcha don 'ya'yanta su ci. Na ce ga mace. An yi tafi sosai.

Matan Assaga da suka zo ne kawai ba su tafa ba. Ina jin Hausar tawa ce ta yi musu sauri.

Ƙanwarki,
Rukaiya

Damagaram, Asabar

Rukaiya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafar Inna da sauƙi.

Na karanta wa Inna takardarki, ta ce Allah ya ƙara ilimi. Ni kuwa tambaya gare ni. Ita Yakakar ta ce ki faɗa? Shi mai gonar ya san tana takaba kafin ki buɗe baki? Mutumin da ke ciniki a kasuwar Diffa yana jin Hausa komai saurinta, kada ki ruɗi kanki. Ki je Assaga ki gani.

Yayarki,
Uwani

Diffa, Talata

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Kin kira wayata ban ɗauka ba, ki yi haƙuri. Bakina ba zai iya ba, shi ya sa na ba direba wannan.

Na je Assaga. Abatcha ya sallami Yakaka tun washegarin taro. Ashe ƙanensa na zaune a layin gaba. Shi Abatcha bai san komai ba a da, don labarin mutuwar ya iso ne ta bakin mata, mata kuma suka rufe. Bai zage ta ba. Cewa ya yi tsoron bakin mutane yake ji, ta dawo in ta gama. Kafin ta gama kuwa an kwashe tattasai, babu sauran aiki sai baɗi.

Bushra, babbar masu tsinka, ita ta zaunar da ni. Kin san matan nan da ƙamshi, ko rijiya za su sai sun shafa humra. To tun ranar da Yakaka ta shiga takaba, duk matan gonar suka ajiye humra da turaren wuta, suka bar lalle da kwalli, suka cire 'yan kunne, don kada ta fita daban a gane. Har da amaryar da ba ta daɗe da tarewa ba. Mazansu na ta ƙorafi, suna ce musu ƙaiƙayin tattasai ne ya hana su kwalliya. Sun tambayi wata malama a ɓoye, ta ce fitarta halal ce. Hujjar da na yi ta ɗaga murya a kai, sun riga ni saninta.

Ni kuma na zo cikin anko ina ƙamshi, na rushe musu duka a gaban maza.

Bushra ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Ke kin yi nasara a taro kin koma gida. Mu a nan muke kwana.”

Wallahi Yaya ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Yakaka ta faɗa mini sirrinta ne muna cin abinci kwano ɗaya. Na tsaya a bakin bukkarta na kasa yin sallama, na juyo. Kunya nake ji, ko madubi ba na son kallo.

Taki,
Rukaiya

Damagaram, Alhamis

Rukaiya,

Amin sallama. Ba zan ƙara miki ba, abin da kike ji ya isa. Amma kunyarki ba za ta shiga tukunyar yaran nan ba. Kada ki kira wani taro, kada ki ɗauki malami ki kai wa Abatcha sai matan sun ce. Ki koma wurin Bushra ki tambaye ta me za ki yi, in ta faɗa ki yi shiru ki yi.

Inna na gaishe ki. Ban karanta mata wannan ba.

Uwani

Diffa, Litinin

Yaya,

Ina gaisuwa. Na koma. Bushra ta ce a ƙyale Abatcha, in aka matsa masa zai kori sauran 'yan gudun hijirar da suka zo daga tsallake. Ta miƙo mini buhu ta ce in tsinka a madadin Yakaka, ladan ya tafi bukkarta. Yau ne na fara. Hannuna kamar na tsoma a wuta, kuma ko rabin na amarya ban tara ba. Sauran suka zuba mini hannu-hannu ba wadda ta dube ni.

Da la'asar na kai wa Yakaka. Da can in ta gan ni ce mini take ƙanwata, ta ja ni mu zauna a ƙasa. Yau ta shiga ta ɗauko tabarmar baƙi ta shimfiɗa mini, ita ta tsaya a tsaye.

Ta ce, “Mun gode, Madam.”

Gobe da safe zan koma gona. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Rukaiya