Alhamis da Juma'ar da Aka Ba Ni a Takarda

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Gudanarwa na makarantarmu da ke Ajingi.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti, waɗanda muka fi sani a hoton kalanda.

Ina farin cikin sanar da kai, da kwamitinka, da duk mai karanta wannan takarda tsakanin Gaya da Ajingi, cewa bayan mako shida ina zurfafa bincike, na gano abin da ya sa bencin gindin darbejiyar makarantarmu yake rangaji. Ƙafarsa ta gabas ce ta gaza sauran da kamar yatsa biyu. Na sa masa gutsuren bulo, ya daina. Ina roƙon a shigar da wannan cikin rahoton ƙarshen zango, domin shi ne babban aikin da na kammala tun da kuka rage mini kwanakin aiki, kuma a kan bencin nan nake cinye mafi yawan wunina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Isyaku, haifaffen Balan, mazaunin Gaya. Shekara ashirin da huɗu ke nan ina hawa babur daga Gaya zuwa Ajingi ina koyar da Tarihi, tun makarantar tana aji uku da rumfar kara. Saura shekara biyu in yi ritaya. Kafin faɗuwar ruwan bana na rubuto maka ina neman a mayar da aikina kwana uku a mako, Litinin da Talata da Laraba, a rage albashi daidai da haka, a bar mini Alhamis da Juma'a.

Ba hutu nake nema ba. A Balan muna da gandu da mahaifinmu ya bari, ba a raba shi a takarda ba, wanmu Yaya Hamisu ne yake riƙe da shi. Ƙa'idar gidanmu tun kakanni ita ce kowa yana da yankinsa matuƙar ana ganin ƙafarsa a ciki. Ba a noma shi ta waya, ba a aiko 'yan ƙwadago a zauna a gari. Ranar Alhamis ake gayya, a zaga gonakin 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda bai je ta wani ba babu mai zuwa tasa. Duk shekarun nan Yaya Hamisu ne yake tsaya mini, yanzu ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Da muka haɗu bayan ƙaramar sallah ya ce mini, "Isyaku, na gaji da noma wa boko. In aka yi noman firi ban gan ka ba, Ɗanladi zan ba aron yankinka."

Ɗanladi ɗan baffanmu ne. Gonar gwaggonmu da aka ba shi aron damina ɗaya, yau mangwaron da ya dasa a ciki ya fara 'ya'ya, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san mai aro ba ya dasa itace sai in ba shi da niyyar fita. Yankin nan shi ne abin da zan koma kansa ranar da na ajiye alli. Ba ni da shago, ba ni da kwangila, ba ni da ɗa a Abuja. Ga abin da ya biyo bayan roƙona.

Na ɗaya. Kun amince. Wannan ba zan musa ba, takardar tana wurina da sa hannunka mai kama da ƙugiya. Har walima kuka yi mini. Ka tashi ka yi jawabi, ka kira ni ginshiƙi, ka kira ni uban makaranta, sau biyu kuma ka kira ni Malam Iliyasu. Aka ba ni agogon bango da sabon muƙami, wai Babban Malami Mai Ba da Shawara. Ni malamin Tarihi ne, ranka ya daɗe, na karanta yadda masu mulki a zamanin baya suke yi da wanda suka gaji da shi: a ƙara masa sarauta, a daina kiransa shawara. Duk da haka na tafa tare da kowa, domin na ɗauka Alhamis ta zama tawa.

Na biyu. Da aka dawo hutu sai ga sabon jadawalin darussa manne a ofishin malamai. Darussana sun ragu, daga ashirin zuwa goma. Amma an shimfiɗa goman nan a kwana biyar, biyu-biyu, kuma kullum darasin farko ne da darasin ƙarshe. In shiga aji ƙarfe takwas, in fito kafin tara, sannan in zauna sai wajen ɗaya da rabi in sake shiga. Har ranar Juma'a da ake tashi da wuri an samo mini na ƙarshen. Tsakanin biyun nan mutum ba zai je Balan ya kama fartanya ya dawo ba ko da sabon babur gare shi, nawa kuwa ya girmi 'yan aji uku. Ko da zan iya, maigadi yana da umarni kada wanda ya sa hannu a rajista ya fita sai an tashi. Albashin kam an rage shi tun watan farko, cikin wata irin gaggawa da ban san makarantar nan tana da ita ba. Kwanakina biyar kuwa suna nan cur. A nan na gane hikimar kwamiti da ya zaɓar mini agogo. Babu kyautar da ta fi dacewa da mutumin da aikinsa ya koma jira.

Na uku. Mutum mai furfura da farar riga a gindin bishiya ba ya ɓoyuwa. Malamin Lissafi ya tafi ɗaurin aure Wudil, sai a leƙo a ce, "Baba Malam, tunda kana nan, ɗan riƙe mana aji biyu." Malamar Turanci ta tafi asibiti, tunda kana nan. Ɗalibai sun yi faɗa, iyaye sun zo ƙorafi, wani Bafillace ya biyo sawun tunkiyarsa da ta shigo ta inda katanga ta zube, duk a gindin darbejiya ake sauke su. Makon jiya na koyar da Kimiyya, wadda rabona da ita tun ina ɗan makaranta, kuma na ga alamar ɗaliban sun gane haka tun kafin in gama goge allo. In an lissafa, yanzu na fi shiga aji a kan lokacin da ake kirana cikakken malami. Shawarar da aka naɗa ni in bayar kuwa sau ɗaya tak aka nema. Firinsifal ya tambaye ni wane fenti ya fi dacewa da ƙofar ofishinsa. Na ce shuɗi. An shafa kore.

Na huɗu. Kada a ce ban bi hanya ba kafin in fito fili. Na fara da Malam Nura, wanda yake tsara jadawali. Ya miƙe tsaye, ya sosa ƙeya, ya ce, "Sa, wallahi ba ni ba ne, sistem ne ya fitar." Na nemi in gana da wannan sistem. Ashe tsohuwar kwamfutar nan ce da aka lulluɓe da mayafin tebur, wadda sakamakon jarrabawa yake gagararta duk zango. Ita ce wai ta duba malamai goma sha bakwai, ta zaɓi ɗaya, ta ba shi farko da ƙarshe kwana biyar a jere ba kuskure ko ɗaya. Na je wurin Firinsifal, ya ce wannan hurumin kwamiti ne. Na rubuto wa kwamiti sau biyu, shiru. Daga ƙarshe na same ka ranar kasuwar Ajingi a rumfar hatsinka, na tsaya har aka gama loda mota. Ka riƙe hannuna da hannu biyu, ka ce, "Malam, ai ganinka kaɗai albarka ne ga yaran nan. Za a duba." Ranka ya daɗe, in gani ne kawai, a ɗauki hotona a rataye kusa da naka, ni in tafi gona.

Ba sai an yi mini fassara ba. Ko dai ku ci gaba da samun malamin kwana biyar a kan albashin kwana uku, ko kuma in gaji in ajiye aikin da kaina kafin lokaci, a ce Malam ne ya tafi, ba mu muka sallame shi ba. Da a ce kun kira ni kun ce ba za a iya ba, da na ga girmanku, da na san abin yi tun kafin shuka. Amma manyan mutane, masu manyan riguna, kowa da Alhaji a gaban sunansa, a rasa mai iya duban tsohon malami ya ce masa a'a, sai a ɓuya a bayan takardar da aka manna da gam. Ƙanƙantar abin ta fi muguntarsa damuna.

Na biyar. An yi gayya huɗu a Balan, ban je ko ɗaya ba. Ranakun Asabar da Lahadi nake zuwa ni kaɗai, na shuka gyaɗar da zan iya bayan ta kowa ta tsiro, ciyawa kuma ba ta jira ni ba. Zuwan Asabar ba ya biyan gayyar Alhamis, wannan kowane ɗan kwamitinka ya sani, domin babu wanda a cikinku ba a gona aka yaye shi ba, ko da yanzu ya manta. Lahadin da ta wuce na tarar da Ɗanladi a bakin yankina, hannu a baya, yana taka iyaka a hankali. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi makaranta, sannan ya dunƙula ƙasa ya murje ya ce wurin nan zai karɓi itace. Alhamis ta sama ake noman firi, wato noman farko na cire ciyawa, kuma Yaya Hamisu ba ya maimaita magana.

Saboda haka ga buƙatuna. A tattara darussana goma cikin Litinin da Talata da Laraba, kamar yadda takardar da ka sa wa hannu ta ce, kuma a yi haka kafin Alhamis ta sama. A sanar da Firinsifal cewa malamin da ya tafi biki shi zai nemo mai riƙe masa aji. In kuma aikin ya gagari sistem, a ba ni takarda da rula da yammaci ɗaya. Shekara tara ina tsara jadawalin makarantar nan kafin a miƙa wa Malam Nura, ban taɓa sa malami biyu a aji ɗaya ba.

Ina kuma sanar da kai tun yanzu, don kada a ce an yi ba zato: ko an gyara ko ba a gyara ba, ranar Alhamis ta sama ina Balan da fartanyata. Na riga na ba 'yan aji shida aikin da za su yi. In kwamiti ya ga dama ya rubuto mini takardar tuhuma, zan amsa ta dalla-dalla ranar Litinin, tsakanin darasin farko da na ƙarshe. Ina da lokaci.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi wa kasuwa albarka, ya raya zuri'a. Allah ya sa ranar da ƙarfi ya ja baya, kai ma ka nemi a sassauta maka, ka faɗa hannun mutanen da za su iya gaya maka gaskiya ido da ido.

Saura abu ɗaya, wanda na so in bari a ciki. Lokacin da jadawali yake hannuna, Malam Tanimu na Toranke, malamin Arabiyya, ya nemi a rage masa kwanaki don ya yi jinyar mahaifiyarsa. Firinsifal na wancan lokaci ya ce mini ba ya son a fara wannan ɗabi'a. Ni na zauna da rula na ba shi farko da ƙarshe, har ina jin daɗin dabarata. Zango ɗaya ya yi ya ajiye aiki. Malam Nura yana sabon zuwa, tebur ɗaya muke zama. Ashe ba kwamitinka ne ya ƙirƙiro wannan ba, ba ku da basirar. A wurina aka koya. Ban kyauta ba, kuma ranar Juma'a in na taso daga gona sai Toranke, in je in faɗa masa haka da bakina.

Wassalam.

Naka,
Malam Isyaku Balan,
Malamin Tarihi.