Taswirar Yaya a Hawa na Huɗu

Asabar, 4 ga Mayu

Yau muka koma wasan kogo, karo na farko tun da ɓarin jikin Yaya ya shanye. Wata biyar teburin falona yana shan ƙura. Ni a bayan kwalina da taswirar gaskiya, ina faɗa musu abin da mutanensu ke gani a ƙarƙashin ƙasa. Su uku suna faɗin abin da za su yi, ɗan lido mai fuska ashirin ya raba gardama. Kowa da mutuminsa a wasan: Mai Kemis da ɓarawonsa, Tela da bokanyarta, Yaya da tsohon sojansa Baƙin Gatari, wanda ya shekara shida bai mutu ba.

Yaya ne mai zana musu taswira, kamar kullum. Shekara talatin yana safiyo, wa zai karɓe masa fensir?

Sun sauka hawa na huɗu da kyandir takwas. A mararraba ta farko suka ce hagu, na ce hanya ta yi hagu taku sittin. Ta saman kwali na hango hannunsa. Dama ya zana. Layi miƙaƙƙe, gida shida cif a takardarsa mai gida-gida, babu ko karkarwa. Amma dama.

Na bar shi a haka. Mai jan wasa ba ta gyara taswirar 'yan wasa. Shi ya koya min haka ina 'yar sha biyar, har da rankwashi.

Lahadi, 5 ga Mayu

Wataƙila ban gani da kyau ba.

Talata, 7 ga Mayu

Da kyau na gani. Shekara ashirin da biyu ina cin abinci da ganin kuskuren mutane a maɗaba'ar nan. Yau ma wani marubuci ya kashe mutum a shafi na arba'in ya tashe shi a na casa'in yana shan shayi. Na ja masa jan biro har takarda ta huje.

Anti, matar Yaya, ta same ni a ofis da rana. Ta zauna kan kwalin takardu ba a ce ta zauna ba. Wai likita ya ce hagu da dama sukan rikice masa, kuma ba ya sanin sun rikice. Wajen aikinsu sun sallame shi cikin ladabi, da agogon bango. Ta ce duk mako yana zaune da taswirar nan yana bin fensir da tawada, taswirar kaɗai ce ke sa shi aske gemu.

Sannan ta ce, “Auta, ba tatsuniya ba ce? Ke ce Allahn ramin nan, astagfirullah. Ki sassauta masa mana.”

Na ce mata in tatsuniya yake so ta yi masa a gida. Na ce ɗan lido a fili nake jefawa, wanda ya mutu ya mutu, a yaga takardarsa. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba sai na rubuta ba. Ta ɗauki jakarta. Ko ruwa ban ba ta ba.

Tatsuniya. Shekara sha ɗaya ina gina ramin nan ɗaki bayan ɗaki.

Asabar, 11 ga Mayu

Sau biyu kuma Yaya ya kifa hanya. Ɗaya bayan ɗakin tuluna, ɗaya a gadar igiya. Yana ɗora takardar kan allo a cinyarsa, ya kare da hannun da ba ya motsi, don haka ba mai gani sai ni. Mai Kemis ko a gabansa aka zana ba zai lura ba, mutumin da ya ɓata kyandir guda yana ƙwanƙwasa bango wai akwai zinare. Tela ta ce masa ko a shagonsa haka yake ƙwanƙwasa aljihun marasa lafiya. Ya ce ita da ke ɗinka wa mutane hannun riga ɗaya ya fi ɗaya. Yaya ya yi dariya da rabin bakinsa. Rabon da in ji dariyar nan tun bara.

Saura kyandir uku. Sun ɗebo akwatin azurfa, sun ce mako mai zuwa sai gida.

Da Yaya zai tafi na riƙe masa ƙofa, ya tsaya yana neman takalmi da ƙafa. Bai dube ni ba ya ce ya san Anti ta je wurina.

“In na ga kin yi min sadaka a teburin nan, Auta, ba zan ƙara zuwa ba.”

Na ce wa ya ga alamar sadaka a fuskata.

Litinin, 13 ga Mayu

Na baje taswirata na bi da yatsa. A hanyar komawa Tela ce ke karanta taswirarsu ta kira hanya. Za ta karanta abin da ya zana, daidai yadda ya zana. A gadar igiya za ta ce hagu. Ƙofar hagu a wurina ɗakin uwar gizo-gizo ne, wadda na ajiye tun shekara tara ban samu mai shiga ba. Da kyandir uku ba mai fita.

Mutuwar ba ita ce ta dame ni ba. Sun sha mutuwa. Al'adar teburinmu ce: ranar da duka suka mutu, ina kwantar da kwali in shimfiɗa taswirata kusa da tasu, a ga inda aka ɓata. A da Yaya ya fi kowa son wannan, don tasa kan hau tawa kamar an yi kwafi. Yanzu zai tsaya gaban Tela da Mai Kemis ya ga wuri uku. Safiyo.

Laraba, 15 ga Mayu

Haushin kowa nake ji. Likita, Anti, agogon bango. Yaya ma, da ya kafa dokokin ya bar ni da gadinsu.

Na yi wa mai injin buga takarda tsawa kan waƙafi ɗaya. Ya ce ko lafiya, Hajiya. Lafiya lau.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na kira Anti. Sai da ta bar wayar ta yi ta ƙara. Na ce ina son hoton taswirarsa, a miƙe, da haske, kada ya sani. Ina jira ta rama, na ma shirya amsa. Sai ta ce yana wanka ƙarfe huɗu. Shi ke nan abin da ta ce. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Juma'a, 17 ga Mayu

Lokacin hutun rana na buga hoton na ɗora kan teburin gilashi mai fitila, tawa a kai. Dubawa kawai na yi niyya.

Kowane awo nasa daidai. Kowane ɗaki, kowace ƙofa, har rijiyar da na ambata sau ɗaya a wuce. Ya ma gyara min wani lungu da na yi shekaru ban lura ba ya haɗuwa. Juyi uku ne kawai suka kifa.

Akwai sabuwar takarda mai gida-gida a durowa. Na ɗauko ta na bi layukansa, ban ci abincin rana ba.

Asabar, 18 ga Mayu

Yau suka kama hanyar gida.

A gadar igiya Tela ta karanta, ta ce hagu. Na dubi takardar da ke bayan kwali na ce hanya ce doguwa, iska na kaɗa wutar kyandir. Yaya ya ɗago ya dube ni. Na dubi ɗan lido.

Sai a lokacin na gane ramin da na haƙa wa kaina. In duka suka mutu yau ta wata hanyar, dole in shimfiɗa takardar nan, fara fat, ba ko tabon shayi, a ce ita ce ta shekara sha ɗaya. Kuma ɗan lido a fili yake, wannan ban taɓa ba, ba zan taɓa ba.

Saura kyandir ɗaya na jefa ɗan lido don dodannin da ke yawo a duhu. Lamba ɗaya ta fito, wato sun iso. Ƙwarangwal shida a bakin matakala. Ɓarawon Mai Kemis ya faɗi a zagaye na biyu, na miƙa hannu na yaga takardarsa a gabansa, yana cewa ko ta'aziyya babu. Bokanyar Tela saura numfashi biyu a takardarta. Baƙin Gatari saura uku, ƙwarangwal ɗaya a tsaye. Na jefa wa ƙwarangwal ɗin saransa a tsakiyar tebur, kowa na kallo. Sha huɗu yake nema kafin ya sami Baƙin Gatari. Ɗan lidon ya bugi kofin Tela ya tsaya.

Sha uku.

Saran ya kuskure, suka kayar da shi, suka fito su biyu da akwati. Tela ta zubar da shayinta don murna.

Da suka tafi Yaya bai tashi ba. Ya daɗe yana shafa taswirarsa da babban yatsa. Sannan ya ce in kawo tawa ya gani.

“Ba duka kuka mutu ba, Yaya.”

“Auta.”

“Doka ce. Kai ka kafa ta.”

Ya dube ni har na ji kamar ina 'yar sha biyar. Ban kau da ido ba. Can ya naɗe takardarsa, ya sa a aljihu, ya ce ƙarfe nawa mako mai zuwa. Na ce huɗu, kamar kullum, kuma kada ya makara.

Talata, 21 ga Mayu

Ba sadaka ba ce. Sadaka ita ce a taɓa ɗan lido. Wannan gyaran bugu ne, an samu kwafi biyu sun saɓa, an zaɓi wanda ya fi tsabta. Kullum haka nake yi a wurin aiki.

Tsohuwar taswirar tana ƙasan durowa, cikin ambulan. Uwar gizo-gizo ta shekara tara tana jira, sai ta ƙara jira.

Na aika wa Anti yadi biyar ta hannun Tela. Ba wani dalili, kalar ce ba ta karɓe ni ba.

Hawa na biyar na rubuta ɗakunansa duka, da tarkuna, da abin da ke cikin rijiya. Hanyoyin ne ban zana ba tukuna. Aiki ya yi min yawa. Bari dai Asabar ta zo in ga ta ina zai juya.