Inda Na Sauka a Hanyar Makka

Litinin, 18 ga Agusta, 1952
Mun sauka Jidda lafiya, ni da Inna. Wata huɗu daga Zariya. Takardata ta aikin ba da magani a kamfanin jiragen ruwa nan ta tsaya, ni ma nan zan tsaya. Na yi alkawari zan kawo ta bakin ƙofar Makka, ga shi na kawo ta.

Laraba, 20 ga Agusta
Kawu Ja'afaru, ƙanen Inna, ya zo daga Makka. Shekara talatin yana ɗinki a unguwar Hindawiyya, Hausarsa duk ta cakuɗe da Larabci. Ya rungume ni yana kuka. Bayan mun ci abinci ya ja ni gefe: "Ya waladi, sunanka Garba, ubanka Abubakar. Ɗaura harami ka biyo mu. Wa zai tsaga ƙirjinka ya duba?"

Na ce, "Kawu, ni Kirista ne. Gaban jama'a aka yi mini baftisma, ba a ɓoye ba."

Ya ce in yi magana a hankali. Inna tana jin mu, ƙullin kayanta kawai take ta gyarawa.

Alhamis, 21 ga Agusta
Sun tafi. Ni na ɗora ta a mota. Raina kwance yake.

Lahadi, 24 ga Agusta
Babu coci a garin nan. Na rufe ɗakin magani, na karanta labarin Bitrus da ya yi musun sanin Yesu kafin zakara ya yi cara, na yi waƙa ƙasa-ƙasa. Kullum ina ganin laifin Bitrus. Yau ma na gani. Mutum ya san abin da ya gaskata, sai don wata baiwa ta tambaye shi ya rikice?

Asabar, 30 ga Agusta
Yau suna Arfa. Rana kamar wuta. Ko ta ɗauki lemar da na saya mata?

Talata, 2 ga Satumba
Dauda, direban da ya kai su, ya zo da safe. Zafin rana ya kayar da Inna a Mina. Tana gidan Kawu, matarsa Rabi'atu ke jinya. Ba ta riƙe ruwa a ciki. Wai sunana take kira.

Ban tsaya tunani ba. Na haɗa gishirin sha da ƙwayoyi, na hau gaban mota. A hanya Dauda ya ce idan mun zo shinge in yi shiru, shi zai yi magana. Na yarda. Wallahi har na fara shirya abin da zan ce wa Ubangiji daga baya: ai ba musu na yi ba, baki kawai na rufe.

Askari mai tsaron shingen ya leƙo ta taga, ya dube ni, ni ya tambaya ba Dauda ba: "Muslim?"

Na ce a'a.

Ban san lokacin da kalmar ta fita daga bakina ba. Dauda ya dafe kai. Askarin bai yi faɗa ba, hannu ya nuna mini in sauka. Na ba Dauda maganin, na maimaita masa sau uku: cokali ɗaya cikin kofi, kaɗan-kaɗan, a jiƙa zane a lulluɓe ta, kada a rufe taga. Motar ta wuce, na zauna gindin dutse har wata ta zo ta mayar da ni.

Daidai na yi. Amma daga yau na daina yi wa Bitrus gori.

Laraba, 3 ga Satumba
Shiru. Idan ta mutu don ban je ba fa? Na tambayi Yesu wannan kai tsaye. Bai amsa ba. Na wanke wa ma'aikata huɗu gyambo.

Juma'a, 5 ga Satumba
Ta sha kunu! Dauda ya ce har ta yi wa Rabi'atu faɗan gishiri ya yi yawa a miya. Na durƙusa nan gaban kantar magani, ban damu da masu kallo ba.

Alhamis, 11 ga Satumba
Kawu ya kawo ta Jidda. Ta rame, amma muryar tana nan. Ba za ta koma Zariya ba. Ta ce ƙafarta ba za ta sake wannan tafiya ba, nan take so ta ƙarasa kwananta kusa da ƙanenta. Na san ma'anarsa. Inda za ta zauna ba zan taɓa shiga ba, ko ranar jana'izarta.

Na ce, "Inna, ki yafe mini, ban iso ba."

Ta ce, "Dauda ya gaya mini. Na yi kuka da ka bi hanyar nan taka, Garba, har yau ban daina ba. Amma da ka shigo mini da ƙarya, da ban sha maganinka ba."

Kawu ya ce, "Halas, halas," wato ya isa, yana share ido da hannun riga.

Lahadi, 14 ga Satumba
A jirgin ruwa, mun doshi Sawakin, kan hanyar komawa gida. Kafin mu rabu Inna ta ba ni gorar zamzam. Na san abin da dattawan cocinmu za su ce. Na sha. Ruwa ne, kuma ƙishi nake ji.

Bangaskiyata tana nan inda take, ko gezau. Sai dai shekara goma sha huɗu addu'a guda nake yi wa Inna, Allah ya juyo da ita wurina. Yau da na durƙusa, sunanta kawai na faɗa. Wataƙila gajiya ce.