Wasan da Aka Bar wa Baba

Laranto, Jos
Ranar Lahadi

Ƙanena Mahdi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma gudun asuba da rarrafe cikin laka ba su ƙarasa ɗan naman da ka tafi da shi ba. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ana ba ku tuwo a sansanin sojan nan ko wake ne safe da yamma. Tunda an karɓe muku wayoyi sai kun gama horo, dole na koma biro da takarda kamar 'yar firamare, sai ka yi haƙuri da rubutuna.

Kada gabanka ya faɗi, amma Baba ya yi rashin lafiya bayan tafiyarka. Hawan jini ne ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya yi nauyi. Ya kwanta asibiti, yanzu yana gida. Ba ya iya tashi sai an kama shi, bakinsa ma ya ɗan karkace, amma likita ya ce zai warware idan ya yi ƙoƙari. Wata ma'aikaciyar jinya, Sista Obiamaka, tana zuwa gida tana motsa masa hannu da ƙafa.

Ita ce ta fara ɗaure mini kai. Ta ce a rufe tagar ɗakinsa kada daraf ya buge shi, tana rufe baki kuma ta ce a bar shi ya yi ta buga daraf don yatsunsa su saki. Na tsaya ina kallonta. Ta yi dariya ta ce na farkon iskar sanyi ce mai kurɗowa ta ƙarƙashin ƙofa, na biyun kuwa wasan da na sani ne, mai allo baƙi da fari. Washegari na je shagon ɗinki, mai shagon, Madam Adaeze, ta daka mini tsawa wai na sa almakashi a yadi ban yi daraf ba, wato zanen da muke fara yi a takarda. Na dawo gida na tarar da Loyis 'yar maƙwabtanmu tana kuka, malaminta na jami'a ya dawo mata da daraf ɗin aikinta, wato rubutun farko, duk ya sha jan biro. Mahdi, Turawan da suka ƙera jirgin sama sun kasa ƙera kalma ta biyu? Ni dai na gaji.

Matsalar ita ce Baba ya ƙi wasan. Ka san bencinsu na Tina Junction, gindin mangwaron nan kusa da mai faci, inda shi da amininsa Baba Jang suke zagin juna a kan allo tun ba a haife mu ba. Ya ce ba zai je Jang ya ga yana zubar da 'ya'yan wasa da hannu mai rawa ba. Haka yake wuni yana kallon bango, ni kuwa abin yana ci mini rai.

Sai na yi dabara. Jiya na je gidan Baba Jang, na durƙusa na gaishe shi, na roƙe shi su riƙa kawo allon gidanmu, kuma don Allah su riƙa barin Baba yana cinye su. Ina tsammanin zai yi dariya. Sai na ga ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Sannan ya ce, “Suwaiba, yarinya na, kai ka tabbata? Daga asibiti ne maganan ya fito?” Na ce e, Sista ce ta ce haka ya fi masa. Ya ce, “To. Allah shi ne mai iko.” Ya tashi ya shige ɗaki, ko sallama bai yi mini ba. Har yanzu ban gane abin da ya taɓa shi ba, wataƙila tsufa ne.

Ka kula da kanka, ka riƙa salla a kan lokaci.

Yayarka,
Suwaiba


Laranto, Jos
Ranar Juma'a

Ƙanena Mahdi,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Takardarka ta iso, Inna ta sa na karanta mata har na haddace. Na gode da ƙarin ilimi, wai a wasu ƙasashe kiran samari aikin soja dole shi ma daraf ne. Kai da ka kai kanka da ƙafarka, wa ya tambaye ka?

Gidan nan ya rikice, kuma ban san ta inda zan fara ba. Dabarata ta yi aiki, har ta wuce yadda nake so. Baba Jang ya zo da allo, amma ba shi kaɗai ba. Duk mutanen benci suka biyo shi, har da wasu da suka daina zuwa tun shekaru, kowa sanye da kayan fita kamar ranar ɗaurin aure. Ka san yadda suke wasa a can, ana buga ɗa a allo kamar za a fasa shi, ana kiran juna jaki da ɗan koyo. To a ɗakin Baba babu ko ɗaya. Suna zama ɗaya bayan ɗaya, su tura 'ya'yansu a hankali, Baba ya cinye, su ce masa, “Sannu oga, hannunka yana nan.” Wani ma da ya fito tsakar gida na gan shi yana share ido da bakin riga.

Ranar farko Baba ya yi murna, har na ji dariyarsa daga madafi. Rana ta biyu ya cinye Baba Jang a jere, sai ya ɗago ya daɗe yana kallonsa. Baba Jang ya sunkuyar da kai. Baba ya ture allon a hankali ya ce a kwantar da shi.

Tun daga ranar ya canza. Ya rage cin abinci. Sista ta zo ya ce ta huta, kada ta ɓata ƙarfinta. Ya kira Inna ya nemi gafararta, ita ma ta sa kuka ta nemi tasa. Ya ce agogonsa naka ne, keken ɗinkin kakarmu nawa ne. Ya aika a kira liman. Matar Baba Jang, Mama Firisila, tana aiko da gwate kullum, mata 'yan cocinsu sun zo sun yi addu'a a ƙofar gida, 'yan masallaci kuma sun yi tasu a zaure. Kowa ya gan ni a hanya sai ya ce in yi haƙuri. Haƙurin me?

Na tare Sista na ce ta ji tsoron Allah ta faɗa mini in akwai abin da suke ɓoye mana. Ta rantse babu. Ta ce jininsa ya sauka, hannun ma ya fara kama abu, amma in ya ci gaba da ƙin abinci da ƙin motsi, ƙafar za ta sandare, kuma ba ta san abin da zai biyo baya ba. To mutum yana samun sauƙi, yana cinye abokansa, me zai sa ya kama shirin tafiya lahira? Wallahi tsoro nake ji, Mahdi. Na ɓata yadin wata mata a shago shekaranjiya, na yanka hannun riga biyu duk na dama.

Baba ya ce in rubuta maka ka yafe masa marin da ya yi maka ranar da ka fasa gilashin motarsa. Na rubuta, amma raina bai so ba.

Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Suwaiba


Laranto, Jos
Ranar Laraba

Mahdi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata ciwon ƙafar da ka ambata ya yi sauƙi. Zauna sosai kafin ka karanta wannan.

Na je mayar wa Mama Firisila kwanonta, ta riƙe hannuna ta tambaye ni ko likita ya faɗi lokacin da ya rage. Na ce lokacin me? Muka tsaya muna kallon juna kamar kurame biyu. Da ƙyar muka warware zancen.

Ashe mutanen bencin nan suna da wata al'ada tasu, wadda ba su taɓa faɗa wa kowa ba. A wurinsu ba a raga wa mutum a wasa, ko ɗansa ya mutu jiya, ko shi ne ya fi kowa tsufa. Lokaci ɗaya tak ake bar wa mutum wasa: idan iyalinsa suka aiko cewa likita ya cire rai da shi. Sai su yi ado su je gidansa, kowa ya zauna ya bari a cinye shi, wannan ita ce sallamarsu. Haka suka yi wa wani abokinsu, marigayi Mwadkon. Kuma ka san wanda ya kawo wannan tsari, ya fara zama a gaban Mwadkon ya ba da wasa? Babanmu.

Ni kuwa na ɗauki ƙafata na je na isar da saƙon, har na ce daga asibiti ya fito. Mama Firisila ta dafe kai ta ce, “Yesu! Wannan yarinya, ka kashe ubanka da baki yana zaune da rai.” Daga nan dariya ta kama ta, ni kuma kuka ya kama ni.

Na koma gida da gudu na durƙusa gaban Baba na faɗa masa komai. Ya shafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka, ya ce su ma haka suka ce wa Mwadkon da ya yi tambaya. Na kawo Sista ta yi masa bayani, ya ce aikinsu ke nan, kwantar da hankalin mara lafiya. Duk wanda ya ce masa zai tashi, sai ya ƙara tabbata ba zai tashi ba.

Baba Jang ya ce magani ɗaya ne, ya zo ya lallasa shi a allo. Ya zo kuwa da tsohuwar rigarsa ta kullum, yana zagi tun daga zaure. Sai ga wata sabuwar masifa. Baba ya cinye shi. Suka sake, ya ƙara cinye shi. Na ja Baba Jang gefe na ce ya haka, ba mun gama magana ba? Gumi yana zuba a goshinsa cikin sanyin nan na Jos, ya ce, “Wallahi da gaske na yi! Mutumin nan ba shi da aiki, ya kwanta yana tunanin wasa kawai, ni kuma tausayi ya lalata mini hannu.” Baba kuwa ya juya fuska bango ya ce Jang ya iya wasan kwaikwayo, Allah ya saka masa.

Ka ga inda muke. Da ina roƙo a bar wa ubana wasa, yanzu ina tashi da asuba ina roƙon Allah ya kunyata shi a hannun abokinsa. Ban san ko irin wannan addu'a tana halatta ba, kuma ina jin kunyar tambayar liman.

Inna tana gaishe ka. Ita har yanzu ba ta gane ba, ta ce duk wanda ya ƙara kawo katakon nan gidanta za ta hura wuta da shi.

Yayarka,
Suwaiba


Laranto, Jos
Ranar Asabar

Ƙanena Mahdi,

Assalamu alaikum, ina gaishe ka da kyau, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan.

Baba Jang ya ɓace mana kwana da kwanaki. Mama Firisila ta ce yana can yana bin tasha-tasha yana wasa da direbobi, wai yana wasa hannunsa kamar wuƙa. Ko coci sai da ta ja shi. Jiya da la'asar ya zo da mai Keke Napep, ya ce shi ba ya wasan gaske a ɗakin majinyaci, a ɗauko abokinsa Labaran a kai shi benci. Baba ya ce to, a kai shi ya ga wurin gani na ƙarshe. Muka naɗe shi da bargo muka tafi.

Tina Junction ta cika, masu gasa masara ma sun bar wutarsu sun matso. Ban san kan wasan ba, don haka kada ka tambaye ni yadda aka yi. Na dai ga an daɗe ana fafatawa. Na ga Baba Jang ya miƙa ɗa guda kamar ya yi kuskure, Baba ya ci yana taɓe baki. Sai kawai Baba Jang ya ɗaga hannu ya bi allon yana bugawa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya share gaban Baba tas. Ya miƙe yana rawa, yana ihu, “Ɗan koyo! Jaki! Wa ya koya maka wasa, matarka?”

Fuskar Baba ta haɗe. Ya ce an yi masa maguɗi, ya ce Jang ya motsa ɗa lokacin da yake gyara bargo, ya ce ɓarawo ne tun yana yaro. Ban taɓa jin daɗin zagi a bakin mahaifina irin na jiya ba. Ya ce a sake jera 'ya'yan yanzu-yanzu.

Baba Jang ya ce ina, doka ba ta canza ba, wanda aka cinye shi ke tashi ya ba na gaba wuri, ga mutane suna jira. Na matso zan kama Baba, Baba Jang ya tare ni da hannu ya ce, “Bar shi. A nan ba a ɗaga kowa.”

Baba ya dube shi, ya dubi mutanen da ke layi, babu wanda ya sunkuyar da kai, wani ma cewa ya yi oga a yi sauri rana tana faɗuwa. Ya dafa bencin da hannun dama. Ya yunƙura ya koma. Ya sake yunƙurawa, ƙafar tana rawa. Mahdi, ya miƙe. Ya ja ƙafa ya koma ƙarshen layi ya jingina da mangwaron, hawaye yana bin fuskarsa, ya nuna Baba Jang da yatsa ya ce, “Kada ka kuskura a cinye ka kafin layi ya zo kaina.”

Ka gama horonka lafiya ka dawo, akwai wanda zai tarye ka a ƙofar gida a tsaye.

Yayarka mai ƙaunarka,
Suwaiba Labaran